Farar shadda da baƙar fuska: kyamarata ce ta tsufa ko ni ne ban iya ba?

Sabon_Hannu
Assalamu alaikum 'yan zaure. Manyanmu don Allah ku ba ni shawara, raina a ɓace yake. Wata huɗu ke nan da na sayar da babur ɗina na sayi Canon 600D ta hannu da gilashinta 18-55. Ranar Asabar da ta wuce na samu aikina na farko mai ɗan tsoka, ɗaurin auren abokin yayana. An ɗaura wajen sha biyu da rabi a ƙofar masallaci, ango da abokansa kusan goma duk sun sha farar shadda. Na ɗauki sama da hoto ɗari uku. Da na koma gida na buɗe a kwamfuta sai gabana ya faɗi. Rigunan sun fito tas, har zaren aikin wuya kana gani, amma fuskokin baƙi ƙirin, idanu kamar ramuka, ƙarƙashin hula duhu. Waɗanda na ƙara wa haske kuma fuska ta fito, riga ta koma fari fat kamar takarda, ba aiki ba komai. Abin da ya fi ƙona min rai, wani yaro da ya ɗauka da waya a cikin zaure hotonsa ya fi nawa kyau, shi angon ya ɗora a WhatsApp. Kyamarar ce ta tsufa in sayar in nemi babba, ko akwai abin da ban sani ba? Ina da wani bikin nan da mako biyu.

Na_Bakin_Kasuwa
Ka sayar da babur ka sayo ɓacin rai 😂 Allah ya mayar da alheri. In za ka sayar ina da mai saye.

Baba_Mai_Yashica
Wa alaikumus salam. Yaro kada ka sayar da komai. Ka ba kanka amsa ba ka lura ba: ka ce yaron nan a cikin zaure ya ɗauka. Kai kana tsakiyar rana, shi yana inuwa, haske na shigo masa ta ƙofa daga gefe guda. Wurin tsayuwarsa ne ya fi naka.

Ni na shiga sana'ar nan tun ana sa fim mai ɗauka 36, babu allon da za ka leƙa, sai an wanke bayan kwana biyu ka san abin da ka shuka. Maigidana, Allah ya jiƙansa, sai da na yi wata shida ina riƙe masa farin kwali kafin ya bar ni na taɓa kyamara. Duk gidan bikin da muka shiga, kafin mu gama gaisuwa zai juyo ya ce min, "Ina rana take?" In na tsaya waige-waige sai ranƙwashi. A lokacin ina ganin mugunta ce.

Malamin_Fizis
Baba ya faɗi gaskiya, amma bari in ƙara dalilin da fuskokin suka yi baƙi, don ko a inuwa zai iya sake faruwa da kai. Ma'aunin hasken da ke cikin kyamara bai san shadda ba, bai san fuska ba. An gina shi ne ya ɗauka cewa duk abin da ke gabansa, in aka cuɗe shi wuri ɗaya, ruwan toka ne tsaka-tsaki, wanda ke mayar da kusan kashi 18 cikin ɗari na hasken da ya sauka a kansa. Mutum goma da farar babbar riga sun cika maka hoto, sai ma'aunin ya ce haske ya yi yawa, ya rage, har farin ya kusa komawa toka. To in fari ya koma toka, ina baƙar fata za ta koma?

A kyamararka akwai maɓalli mai alamar +/-. In fari ya yi yawa a gabanka ka ƙara +1 ka duba. Ko ka sa ta auna fuska kaɗai maimakon hoton gaba ɗaya.

Sabon_Hannu
Malam na gode. Amma ai na gwada ƙarawa a wasu, shi ne rigar ta ƙone.

Malamin_Fizis
Ƙwarai, domin a tsakar rana tazarar da ke tsakanin farar riga da fuskar da hula ta yi wa inuwa ta fi ƙarfin kyamarar. Idonka yana iya ganin duka biyun, ita ba ta iyawa. Maɓalli ba ya rage wannan tazara, sai dai ya zaɓar maka wanda za ka rasa. Abin da ke rage ta shi ne ko ka rage hasken da ke dukan rigar, wato ku shiga inuwa, ko ka ƙara wa fuskar haske.

Kuma ka yi rashin sa'ar lokaci. Kano tana wajen digiri 12 arewa da tsakiyar duniya, rana tana tsayawa a ƙololuwarta wajen sha biyu da rabi, daidai lokacin da aka ɗaura auren. Sau biyu a shekara ma, ƙarshen Afrilu da cikin Agusta, tana bi ta tsakar kanmu sosai har inuwar mutum ta taru a ƙarƙashin ƙafarsa. Haske daga sama kai tsaye shi ke mayar da ido rami.

Dan_Gayu_Abj
Ku daina yaudarar yaron nan. Kullum a zauren nan sai a ce "ba kyamara ba ce, haske ne", amma duk masu faɗin haka in ka duba jakarsu manyan kaya ne. 600D tun 2011 aka fito da ita. Kyamarorin yanzu za ka ɗauki hoto fuska ta yi duhu, ka ɗago ta a kwamfuta ta fito sumul ba yashi-yashi. Gwada haka da tasa ka gani. Kaya suna da tasiri, a faɗi gaskiya.

Baba_Mai_Yashica
Babu wanda ya ce kaya ba su da tasiri, ɗana. Amma in ka ba shi taka ya koma ƙofar masallacin nan a wannan lokaci, ramukan idon suna nan. Za ka ɗago duhun, ba za ka sauya inda hasken ya fito ba.

Dan_Gayu_Abj
Wannan na yarda Baba. Amma ko ba komai ya riƙa ɗauka da RAW, wato ɗanyen fayil da ke riƙe duk abin da kyamara ta kama don a gyara daga baya, ba JPEG da take matsewa ba. Sabon_Hannu da wanne ka ɗauka?

Sabon_Hannu
JPEG ne yallaɓai. An ce min RAW yana cinye kati.

Dan_Gayu_Abj
Yana ci. Sayi kati, ya fi sayen kyamara araha.

Mai_Hoton_Fagge
Abu mafi sauƙi da ba wanda ya faɗa: ka kunna filasha da rana tsaka. Mutane za su yi maka dariya, ni har cewa aka taɓa yi "wannan bai ga rana ba ne?" Ƙyale su. Ƙaramar filashar da ke kan kyamarar ta isa ta cike ƙarƙashin hula in ba ka wuce taku uku zuwa huɗu ba. Sai dai ka kula, in filasha na kunne saurin ƙiftawar kyamararka ba ya wuce 1/200 na daƙiƙa, don haka ka sauke ISO, wato ƙarfin jin hasken kyamarar, zuwa 100 ka tsuke ƙofar gilashin zuwa 11 ko 16, in ba haka ba komai zai wanke.

Sannan ka koyi magana. Rabin aikin ɗaurin aure baki ne. Da an shafa fatiha ka kama hannun babban abokin ango ka ce, "Ranka ya daɗe, mu koma jikin bangon can." Kai ne mai hoto, kai za ka ce ga inda za a tsaya. In ka bar su, a inda aka gama musabaha nan za su jeru suna runtse ido.

Yar_Gidan_Lalle
Amma ban da ƙarƙashin darbejiya don Allah. Wani ya ɗauke mu a gindinta ranar kamu, fuskokinmu duk dabbare-dabbare kamar damisa.

Mai_Hoton_Fagge
Haka ne Hajiya. Inuwar ganye tana yoyo. Inuwar gini ake nema, a tsaya daf da bakinta ana fuskantar fili, ba can ciki ba.

Dan_Damagaram
Sallama daga Zinder. Mu nan lokacin hunturu ne muke hutawa da wannan matsala. In hazo ya sauka, ƙurar nan da iska ke kwasowa daga Bodele a arewacin Chadi, sai sama duka ta zama kamar an shimfiɗa farin mayafi a gaban rana. Ko da azahar za ka ɗauki mutum fuskarsa lumui, ba inuwa mai kaifi. Illarsa launi yana kwanciya, sama ta fito fari babu shuɗi, kuma fatar mutane ta yi furu-furu in ba su shafa mai ba. Hoton gini ba ya kyau a lokacin, na sha gwadawa a Birni, tsohuwar unguwar Zinder, zanen jikin bango duk sai ya ɓace. Amma na fuska sai hamdala. Kada dai ka kuskura ka cire gilashi a waje, ƙura ta shiga cikin kyamara ka yi wata kana goge ɗigo a kowane hoto.

Malamin_Fizis
Abin da Dan_Damagaram ya faɗa shi ne asalin maganar duka. Laushin haske ya danganta ne da girman abin da hasken ke fitowa daga gare shi a idon wanda ake ɗauka. Rana ƙatuwa ce amma tana nesa da mu kusan kilomita miliyan 150, sai ta zama kamar ƙwandala a sama, shi ya sa inuwarta ke da kaifi. Hazo ko gajimare yana mayar da sama gaba ɗaya ta zama fitila. Ƙofar zauren da yaron nan ya tsaya kusa da ita ma fitila ce mai tsayin mutum. Lemar situdiyo aikinta ke nan, ta mayar da ƙaramar filasha ta zama babba.

Na_Bakin_Kasuwa
Malam ya shigo da kilomita, ni na tafi sallah.

Anti_Mai_Kwalliya
Tunda an taɓo filasha bari in sauke abin da ke raina. Masu hoto kuna ɓata mana aiki. Zan yi awa biyu a kan fuskar amarya, ta fito kamar a sace, wani ya zo ya ƙifta mata wuta kai tsaye a fuska, goshi ya yi ƙyalli kamar an shafa man gyaɗa, a ce mai kwalliya ce ba ta iya ba.

Mai_Hoton_Fagge
Anti da girmamawa, laifin rabi da rabi ne. Akwai farar hodar nan da kuke bugawa a ƙarƙashin ido a ƙarshe, ido ba ya ganinta amma filasha na gani, sai ta fito fari kamar an watsa mata garin rogo. Kuma in hoda ta fi wuya haske da mataki biyu, ni wanne zan auna, fuska ko wuya?

Anti_Mai_Kwalliya
Wannan hodar na daina amfani da ita tuni. Yanzu in na gama ina ɗaukar amarya da filashar waya a ɗaki in duba kafin ta fita. Amma maganar hoda ta fi wuya haske, je ka faɗa wa amaren da iyayensu mata. In na sa daidai fatarta sai a ce ban fito da ita ba.

Gwanin_Editin
Anti ta faɗi abin da kowa ke tsoron faɗa. Ku yi ta lissafin haske, ƙarshe a wurina ake kawo hoton a ce "a ɗan ƙara mata haske". Kuma ba hasken fitila ake nufi ba, kun san me ake nufi. In na ƙi, gobe su tafi wurin wani.

Amaryar_Bara
Ni ba mai hoto ba ce, ƙawata ce ta sa ni a zauren nan, amma wannan ta shafe ni. Ni baƙa ce kuma ina son abina. Da aka kawo kundin hotunan bikina kakata ta buɗe ta daɗe tana kallo, sai ta ce, "Wannan wace ce ta sa kayanki?" An mayar da ni fara sol, hannuna kuma da lalle an manta da shi yana nan baƙi. Ban ce a yi min haka ba, ba a ma tambaye ni ba. Hoton da na fi so a duk bikin ƙanwata ce ta ɗauka da waya da safe ina zaune bakin taga ana ɗaura min ɗankwali. Shi ne a bangon ɗakina.

Gwanin_Editin
Allah ya ba ki haƙuri 'yar'uwa, wanda ya yi miki haka bai kyauta ba. Amma irinki ba ku da yawa a cikin masu zuwa wurina, gaskiya ke nan.

Baba_Mai_Yashica
Ina ganin da yawa daga masu cewa a ƙara musu haske ba fari suke nema ba. Sun gaji ne da ganin kansu a hoto kamar gawayi, ba a gane hanci ba a gane kumatu, sai su ɗauka maganin shi ne fari. Baƙar fata ba ta son a yi mata ruwan haske kai tsaye. Tana son haske mai faɗi ya zo ta gefe ya kwanta a kanta, ta ɗauki sheƙi a goshi da kunci kamar tulun da aka goge. Wannan sheƙin shi ke fitar da siffar fuska. In ka ba mace wannan ba za ta ce ka mayar da ita fara ba.

Ku nemi hotunan Seydou Keïta na Bamako ku kalla. Ya buɗe wurinsa a 1948, kuma yawancin aikinsa a tsakar gida ya yi shi da hasken rana da zane a rataye a baya. Mutane baƙaƙe, da yawa cikin fararen manyan riguna, irin matsalar Sabon_Hannu sak, amma kana ganin fuska kana ganin aikin riga.

Zangon_Kumasi
Baba ai shi baƙi da fari yake ɗauka, ya huta da rigimar launi. Kuma a garin nan na Bamako akwai Malick Sidibé da ya yi suna da filasha kai tsaye a wuraren rawar matasa da daddare a shekarun 1960, har aka ba shi babbar lambar yabo a birnin Venis na Italiya a 2007. To filasha a fuska ba haramun ba ce, sanin inda ta dace ne.

Malamin_Fizis
Akwai ma tarihi a bayan wannan. Tun shekarun 1950 kamfanin Kodak yana raba wa masu wanke hoto wani kati da ake daidaita launin inji da shi, ana kiransa katin Shirley, hoton Baturiya ce a jiki. Wato fatar da aka auna komai da ita ke nan. Masu bincike sun rubuta cewa cikin waɗanda suka matsa aka gyara yadda fim ke ɗaukar launin ƙasa-ƙasa har da masu sayar da cakulan da masu kayan katako, don hajarsu ba ta fitowa da kyau a talla. Har a 2021 sai da Google ya fito yana tallar cewa wayarsa Pixel 6 an gyara ta ta riƙa ɗaukar baƙar fata daidai.

Dan_Gayu_Abj
To ka ga maganata ta dawo. Kaya suna da tasiri.

Mai_Bidiyon_Jos
Duk kuna maganar rana, ni dina ce ke kashe ni. Zauren biki da fitilun mai kiɗa, shuɗi, ja, shunayya, suna yawo a fuskar amarya. Sabon_Hannu in bikin naka akwai dina ka shirya. Shawara biyu. Ka samu filasha ta ɗorawa wadda kanta ke juyawa, ka harba ta silin in fari ne kuma bai yi nisa ba, hasken ya dawo a baje. In silin ɗin mai launi ne kada ka fara, launinsa zai sauko kan kowa. Na biyu, in ka ga layi-layi baƙi a kwance a hoton, ba kyamara ce ta lalace ba, fitilun ne ke ƙiftawa da bugun wuta. Wutarmu 50 take bugawa a daƙiƙa, ka sa saurin ƙiftawar kyamara a 1/50 ko 1/100 sai ya tafi. In janareta ne mai tari kuwa sai addu'a.

Zangon_Kumasi
Mu lokacin da ɗauke wuta ya yi tsanani a Ghana, wajen 2015, wanda muke kira dumso, na koyi ɗaukar hoton fasfo a bakin ƙofar shago da farin zane a baya da yaro riƙe da kwali. Har yau ban koma kunna fitila da rana ba, kuɗin wuta ya ragu.

Yar_Gidan_Lalle
Tambaya daga gefe. Ni hoton hannu nake ɗauka in ɗora a Instagram. Na sayi fitilar zoben nan amma jan lalle yana fitowa kamar ruwan lemo, baƙin kuma yana ƙyalli. Me zan yi?

Mai_Hoton_Fagge
Kashe kwan ɗakin tukuna. Kina haɗa haske biyu masu launi daban, kwan ɗaki ja-ja, fitilar zobe fari-shuɗi, waya ta rasa wanda za ta bi. Ki zaɓi ɗaya. In da hali ki kai hannun bakin taga da hantsi, ki sa farar takarda a ɗaya gefen. Ƙyallin kuma saboda fitilar tana daidai bayan waya ne, ki matsar da ita gefe.

Malamin_Fizis
Kowane haske da launinsa, ƙwaƙwalwarmu ce ke ɓoye mana. Ana auna shi da Kelbin: kyandir wajen 1,900, tsohon kwan fitila mai zare wajen 2,700, hasken rana wajen 5,500, inuwa a ƙarƙashin shuɗiyar sama 7,000 ko fiye. Shi ya sa farar shadda a inuwa takan ɗan yi shuɗi-shuɗi. Sabon_Hannu ka lura da wannan tunda an tura ka inuwa.

Dalibin_Ilmi
Wani abin alfahari, duk wannan ilimi Musulmi ne ya kafa shi. Ibnul Haisam, haifaffen Basra wajen shekarar 965, ya yi aikinsa a Alƙahira. Shi ya tabbatar da cewa haske ne ke shiga ido, ba ido ke fitar da haske ba, kuma ya yi gwaji da ɗaki mai duhu da 'yar ƙaramar huda. Har kalmar kyamara ma daga Larabci take.

Malamin_Fizis
Na farkon haka yake Malam, ya yi wannan aiki kuma duniya ta shaida. Amma kalmar daga Latin take, ma'anarta ɗaki. Wadda ta fi dacewa da zancenmu ita ce kalmar da Turawa ke kiran sana'ar da ita, daga Girkanci, ma'anarta rubutu da haske. Hoto mafi tsufa da ya rage a duniya, wanda Niépce ya ɗauka ta tagar gidansa a Faransa wajen 1826 ko 1827, sai da farantin ya sha haske aƙalla awa takwas, har rana ta haska ɓangarorin ginin biyu a hoto ɗaya.

Dan_Damagaram
Wannan ɗaki mai duhu na gan shi da idona muna yara ban san sunansa ba. Ɗakin kakarmu akwai huda a ƙyauren, in an rufe da rana sai mu ga mutanen da ke wucewa a tsakar gida a jikin bango, ƙafa sama kai ƙasa. Muka ce aljanu ne, muka daina shiga.

Na_Bakin_Kasuwa
Awa takwas? Ango zai tsaya?

Shugaban_Zaure
Jama'a an yi nisa. Yaro ya tambayi ɗaurin aure, mun kai Basra. A dawo.

Baba_Mai_Yashica
To ga aikin gida, Sabon_Hannu. Ba a fafe gora ranar tafiya. Gobe ka sa wa ƙanenka farar riga da hula, ka tsayar da shi wuri ɗaya a tsakar gida. Ka ɗauke shi da hantsi, da azahar, da la'asar sakaliya, da almuru. Kowane lokaci sau uku: rana a gabansa, rana a gefensa, rana a bayansa. Sannan ka kai shi bakin zaure ka sake. Kada ka gyara ko ɗaya a kwamfuta. Ka jera su ka zauna ka kalla. Kuma ka yi sauri da na yamma, jan hasken nan mai kyau ba ya daɗewa a ƙasarmu, kana gyara tsayuwa za ka ji kiran magariba.

Sabon_Hannu
Baba na yi, har kwana biyu. Ƙanena ya ce sai na biya shi. Abin da ya ba ni mamaki, wanda rana ke bayansa da la'asar na zaci shi zai fi muni, sai ya fi kowanne kyau da na auna fuskarsa. Gefen hularsa da kafaɗa sun yi wani zare na haske, kuma bai runtse ido ba. Na azahar kuwa sak irin na ranar Asabar.

Mai_Hoton_Fagge
Yauwa. Haka muke yi a Hawan Daushe, tunda bayan la'asar ake yi. Kowa na neman rana ta kasance a bayansa, ni ina neman inda za ta kasance bayan dawakai, ƙurar da suka tayar ta kama wuta. In mutum biyu ne a hoto kuma ɗaya ya fi duhu, sa shi kusa da inda haske ke shigowa. In nisa da fitila ya ninka biyu, hasken kashi ɗaya cikin huɗu yake komawa, ba rabi ba.

Dan_Gayu_Abj
In ka samu kuɗin bikin nan ka sayi gilashi 50 mai buɗewa 1.8. Ba zan fasa cewa kaya ba.

Sabon_Hannu
Assalamu alaikum, na dawo da rahoto. An yi bikin jiya. Na ɗauka da RAW, na kama babban abokin ango kamar yadda aka ce, na kwashe su daga rana na kai su ƙarƙashin rumfar da aka kafa. Fuskoki sun fito, ido ya fito, aikin riga ya fito, alhamdu lillahi. Sai dai rumfar ta jan tamfol ce. Duk farar shaddar ta koma ruwan hoda, har haƙoran ango.

Na_Bakin_Kasuwa
Ango ruwan hoda 😂😂 Mai sayen nan fa yana nan.

Gwanin_Editin
Tunda RAW ne ba ka mutu ba. Ɗauki abin daidaita fari ka taɓa rigar ango, yawancinsa zai tafi. Waɗanda suka tsaya a bakin rumfa rabi ciki rabi waje su ne za su ba ka wuya, don launi biyu ne a jikinsu. Turo min guda uku in gani, amma a matsayin fayil, kada WhatsApp ya matse su.

Baba_Mai_Yashica
Na ce inuwa, ban ce kowace inuwa ba. Laifina ne da ban ambaci tamfol ba, ni kore ne ya taɓa yi min haka a wani suna. Babu bango a wurin?

Sabon_Hannu
Akwai Baba, amma an jera babura a jikinsa.

Anti_Mai_Kwalliya
Na ɓangaren mata fa? Ko ba a bar ka ka shiga ba?

Sabon_Hannu
An bar ni minti goma Anti. Na ce a kashe kwan ɗaki a buɗe labule, wata gwaggo ta ce ita ba ta taɓa ganin mai hoton da ke kashe wuta ba. Ban buɗe su ba tukuna, ina kan na rumfa.